An Cire Wa Baba Talla

"Baba, na biya an cire maka tallan nan gaba ɗaya," in ji 'yarsa. Ta miƙa masa wayar, mukullin mota na hannunta, ko zama ba ta yi ba.

Tun da ya yi ritaya yake wasan gina kasuwa a waya. Shagunan da kansu suke ciniki, shi nasa jira da kallon talla.

Ya danna, ya sake dannawa. Shiru.

"Ki dawo min da shi."

"Haba Baba! Kowa tsine wa tallan nan yake yi."

"Akwai wata mai tallan maganin gwiwa. Kullum sai ta ce, 'Sannu, yaya jikin?'" Ya kife wayar a cinyarsa. "Ni kuwa amsa mata nake yi."