Rabuwa a Gonar Gyaɗa

Khairat ta iske Dabo a gonar mahaifinsa da ke bayan garin Makoda, yana cirar gyaɗa. Tare suke koyarwa a firamaren garin, tare kuma suka sami gurbin digiri na biyu a fannin ilimi, can wata jami'a a kudu. Ana saura kaɗan su tafi, ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, gida da gona suka dawo wuyan Dabo.

Ta daɗe tsaye kafin ta ce, "Malam, na fasa tafiyar. Ka turo manyanka a sa rana."

Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe ƙasar hannunsa, amma ya kasa haɗa ido da ita.

"Ke ce fa kike kuka duk ranar da ɗalibanki suka kasa karanta sunayensu," in ji shi. "Kika ce sai kin koyo maganin abin."

"Na ce. Yanzu kuma kai na zaɓa."

"Ni ban yarda ba, Khairat. In kika zauna saboda ni, kullum zan riƙa ganin karatun nan a idonki. Jinyar Baba kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Ki tafi, kada ki jira ni."

Ta tsaya ko zai janye maganar. Sai ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Har ta kai bakin hanya bai ɗago ba, don kada ta ga hawayensa ta fasa.