Allon da Ya Raba Shugaba da Furarsa

Kabo ya ɗaure noti na ƙarshe, ya sauko daga tsani, ya danna rimot. Tar! Allon talabijin ɗin ya kawo, ya haske barandar ƙaramin asibitin. Ga wata dattijuwar ungozoma 'yar Rimaye, Hajiya Nagoggo, ta cika fuskar allon tana yi wa mata nasihar zuwa awo. In ta kai ƙarshe sai ta sake ɗaukowa daga sallama, haka har a tashi.

Mata suka yi ta tafa hannu suna salati. Kabo kuwa kai ya kumbura. Aikinsa na farko ke nan a Kankiya, kuma an ce in shugaban asibitin ya sa albarka, na Kusada ma shi za a ba.

Shugaban, Malam Abdullatif, ya fito da kofin furar da ya saba sha a kan bencin barandar. Yana ɗaga kai sai ya ɓoye kofin a baya, ya zame takalmi, ya duƙa kamar mai neman allura, ya koma ofis da baya da baya.

Sai aike daga ofishin shugaba: allo ya yi ƙasa. Kabo ya ɗaga. Murya ta yi yawa. Kabo ya rage. Yana fuskantar ƙofar ofis. Kabo ya karkata shi yana ƙunƙuni.

Wasa-wasa shugaba ya daina bin baranda. Ta bayan gini yake zagayawa, ƙarangiya na kama mashi babbar riga. Fura kuwa sai a cikin mota, gilashi rufe, yana sha yana zufa. Ƙarshe dai ya ce a sauke allon.

Ran Kabo ya ɓaci ƙwarai. Shi da ya gama cika wa abokai baki! Ya faɗa ofis bai ko ƙarasa sallama ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah mene ne laifin aikina? Ga hoto tangaran, kamar ka miƙa mata hannu!"

Malam Abdullatif ya leƙa ƙofa, ya sassauta murya kamar za a ji shi.

"Ai tangaran ɗin ne ya kashe ni, Kabo. Kai ka taɓa ganin ɗan halak ya ratsa da takalmi, yana kurɓar fura, a gaban surukarsa?"