Ungulu ta Ƙarshe

Ranar Laraba da hantsi, ungulu ta ƙarshe ta ɓace daga allon kwamfutar Dakta Sa'adiya.

Shekaru ke nan tana bin sawun ungulayen Minna. Kowacce an ɗaura mata 'yar na'ura a gadon baya, wadda muddin rana na taɓa ta, tana aiko da inda tsuntsuwar take. Bayanai suka taru miliyoyi, aka haɗa su da na ruwan sama, da na mahauta, da hotunan tauraron ɗan'adam. Da kwamfuta ta tace su, abu ɗaya ta nuna: duk wadda ta ɓace, a kan rimin gonar wani manomi, Gaiya, can Maikunkele, ta yi saukar ƙarshe.

Masu tallafa wa binciken sun riga sun faɗa mata: in ba tsuntsu, ba aiki.

Ta isa gonar da 'yan sanda biyu.

"Wane mai maganin ka sayar wa da ungulayen?" ta tambaye shi.

Gaiya ya yar da fartanya. "Madam, itace nawa ne, tsuntsu ba nawa ba. Kowa yana wucewa nan. Kwamfuta naki ya gan ni da ido?"

"Ka yi wa alƙali wannan bayanin."

Aka tura shi mota, matarsa na biye tana tsine wa boko da masu shi.

Da yamma ta koma gida a Ketaren Gwari, ta tarar mahaifiyarta ta dawo daga Kasuwar Kure, tana kulle ɗakin ajiya. Tun da ungulayen suka fara ɓacewa tsohuwar ke kallon 'yarta tana ramewa.

"Ci tuwonki, 'yar nan. Aikinki ba zai rushe ba, ai tun tuni na tsaya miki."

"Allah ya amsa, Inna," ta ce, idonta na kan waya.

Aka shiga marka, sama ta ƙi washewa. Gaiya na tsare, ya ƙi amsa laifi. Sa'adiya ta ƙi sauraron dattawan da suka zo roƙo, ta ce ko ɗan'uwanta ne sai ya ɗanɗana gidan yari.

Ranar Asabar rana ta buɗe. Tana ofis, sai ɗigon ungulu ta ƙarshe ya sake haskawa a allo, cak a wuri ɗaya, a cikin gari. Ba ta tsaya faɗaɗa taswirar ba. Ta tura wa 'yan sanda alamar wurin, ta ce duk wanda suka samu su sa masa ankwa, sannan ta bi bayan motarsu. Haushi bai bar ta ta lura da lungunan Ketaren Gwari da suke ratsawa ba.

Motar ta tsaya, suka banke ƙofa.

A tsakar gidan, Inna ce durƙushe gaban tabarma, tana shanya ungulun da ta sayo don a haɗa wa 'yarta maganin nasara, na'urar na ƙyalli a bayanta.