Mahaɗa Mai Baki Huɗu

Kibod ɗin ya yi aiki. Filash ɗin ma ya yi. Amma da zarar mai gyaran waya ya haɗa su biyun ta mahaɗar USB mai baki huɗu, sai ɗan allon ya yi ɗif kamar an ɗauke wuta.

Kyauta yake haɗa wa matarsa, a ɓoye, a ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Ta daɗe tana cewa tana son rubuta labarai, amma da ta buɗe kwamfuta sai saƙonnin ofis su yi mata rubdugu. Shi ya sa ya ƙudurta yi mata akwatin rubutu wanda ba intanet a cikinsa: allo, kibod, da filash na adana abin da ta rubuta. Ranar Asabar ce zagayowar ranar aurensu.

Matsalar ita ce ɗan cip ɗin da ya saya don ya zama ƙwaƙwalwar akwatin ya saba zama baƙo, a soka shi a jikin kwamfuta. Yanzu ana so ya zama mai masauki, ya karɓi baƙi har biyu. Shi kuwa gwanin dalma ne da waya, rubutun manhaja bai daɗe da fara koyo ba. Wanda ya fi kowa sanin wannan fanni a gidan ita ce matar, ga shi ita ce ba za a tambaya ba.

Ya bi laburaren manhaja, wato shiryayyun manhajojin da ake ɗaukowa a intanet, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya iya zama mai masauki amma bai san mahaɗa ba. Wani ya yi alkawarin mahaɗa “nan gaba”, kuma alkawarin ya tsufa. Da ƙyar ya samo wanda ya ce yana yin duka biyun. Ya saka, allon ya sake yin ɗif.

“Lafiya kake magana kai kaɗai?” matar ta tambaya daga bakin ƙofa.

Ya yi wuf ya jefa tawul a kan teburin. “Wayar wani kwastoma ce.”

“Waya mai kibod? Allah ya ba da sa’a.” Ta koma falo wajen kwamfutarta.

Ya shiga dandalin masu amfani da laburaren ya zayyana komai: irin cip ɗin, mahaɗar, har da dalilin aikin. Ya ƙara da cewa matarsa ba ta san komai ba, kuma shi gwani ne wajen ɓoye abu.

Kafin ya gama shan shayinsa wata amsa ta shigo daga ɗaya daga cikin masu kula da laburaren, mai laƙabin Kunkuru. Kibod da filash sun fi ƙarfin wutar da cip ɗin ke bayarwa, in ji Kunkuru, ya nemi mahaɗa mai tata wutar.

Washegari ya sayo. Fitilar filash ta kama, ya yi tsalle har ya buge gwiwa da teburi. Sai kibod ya ƙi.

Da cin abincin rana bai iya riƙe bakinsa ba. “Akwai wani bawan Allah a intanet, Kunkuru. Wallahi kansa na ja. Da gani dattijo ne, irin masu haƙurin nan.”

Matar ta ƙware da ruwa, sai da ya bubbuga mata baya.

Ranar Juma’a da hantsi ya sake rubutawa, yana roƙo: saura kwana ɗaya, Malam Kunkuru ya taimaka kada ya ji kunya. Ya zauna yana kallon allo yana kaɗa ƙafa.

Amsa ta zo. A fayil ɗin saiti an ƙayyade na’urori biyu, ita kuwa mahaɗar ana ƙirga ta a matsayin na’ura. Kunkuru ya ce ya mayar da lambar uku.

Ya canza, ya loda a cip ɗin, ya danna harafi. Harafin ya fito a allo. Ya danna adanawa, filash ya ƙifta. Ya ɗaga hannu sama yana dariya ba sauti, don kada a jiyo shi a falo.

Ya zauna zai rubuta godiya, sai ya ga ashe amsar ba ta ƙare ba, akwai sauran layi a ƙasa.

“In ya yi aiki, Baban yara, ka fito ka ɗauko su daga makaranta, ina da taro ƙarfe biyu.”