Faifai Na Uku

Ɗigo na goma sha ɗaya ya fito a kan gilashin na'urar, daga nan komai ya tsaya cik. Ila ya kashe, ya sake kunnawa. Nan ɗin dai ta kuma tsayawa.

Ita kaɗai ce na'ura mai ƙwaƙwalwa a biro, wato ofishin shirin kula da dabbobi na Tanut, a shekarar 1988, kuma Ila ne aka tura Yamai wata uku ya koyo ta. Ba ta tashi da kanta. Sai an zura mata wani baƙin faifai mai laushi, wanda ke cikin rigar roba mai 'yar taga. Idan lafiya lau ne takan jera ɗigo arba'in, sannan ta fara aiki. Wannan ne faifai na uku da ya mutu cikin wata huɗu.

Washegari Buba, mai gyara, ya iso daga Damagaram a bayan motar awaki. Ya yi wa Ila bayani yana kwance sukurori. Abin da ke gudanar da na'urar ya fi ƙarfin faifan, saboda haka aka matse shi kafin a zuba. A bakin faifan akwai ɗan guntun umarni, shi ke fara farkawa, ya jawo matsattsen, ya warware shi daki-daki cikin ƙwaƙwalwa. Kowane ɗigo ƙulli ɗaya ne da aka kwance. Rubutun da ba a matse ba, in harafi ya goge, harafi kaɗai aka rasa. Wanda aka matse kuwa, duk abin da ke bayan harafin da ya goge ya zama shirme.

Cikin na'urar tas yake. Buba ya ɗaga faifan wajen haske, ya juya shi a hankali ta 'yar tagar, sai ya yamutsa fuska. Wasu ƙananan tabo ne farare, busassu, sabo a kan tsoho. Ya kai hanci, ya janye da sauri.

“Yawu ne, Malam Ila.”

Ila mutum ne da ke zuwa biro da kofinsa a aljihu, yana wanke hannu in ya gaisa da makiyaya. Faifan ma a durowa yake kulle shi, kuma kowace safiya sai ya rufe ƙofa kafin ya tayar da na'urar, don kada wani ya yi mata numfashi. Ya tuna sau nawa yatsunsa suka taɓa abin nan, ya fita ya cuɗa su da sabulu har sau biyu.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Audi mai shara, dattijon da fari ya cinye wa garke shekara huɗu da suka wuce, kullum da goro a kumatu. Gindin bangon biron duk ja ne da tsartuwarsa. Da wannan shara yake ciyar da mutum tara.

“Ranka ya daɗe, ni ko teburin ban taɓa sharewa ba,” in ji Audi. “Kai ka hana ni.”

“Dubi haƙoranka, Baba. Dubi bangon can. Ƙazanta har kan kayan aiki?”

Buba ya sake duban fararen tabon, ya buɗe baki, sai direban motar awakin ya danna oda a waje. Buba ya ajiye sabon faifai a tebur, ya ce shi ne na ƙarshe a duk jihar, ya fita da gudu.

Kafin azahar an buga takardar sallama. Audi ya jingina tsintsiyarsa a bayan ƙofa, ya ninke takardar da ba zai iya karantawa ba, ya sa cikin hula. Ila ya sa aka wanke bangon da ruwan omo, aka goge mariƙin ƙofa da kananzir.

Da safe ya shigo biro mai ƙanshin tsabta. Ya rufe ƙofa, ya wanke hannu, ya zaro sabon faifan da gefen yatsu. Na ƙarshe ne, ba zai yi sakaci da shi ba. Ya kai 'yar tagar daidai bakinsa, ya karanta addu'ar tsari, ya tofa sau uku, kamar yadda yake yi kowace safiya tun ranar da aka kawo na'urar.