Lanƙwasar Rami na Bakwai

"Kashe rikodar nan, 'yata," in ji tsohuwar Baturiyar, "sai in gaya miki wanda ya zana ta."

Ɗalibar ta kashe. Shekara biyu ke nan tana safa da marwa tsakanin Selly Oak da Manchester a Ingila saboda wata lanƙwasa a rami na bakwai na wani filin golf, wadda masana ke yi wa kirari. Farfesanta ya rantse aikin wani mashahurin mai zane ne, abokin hamayyarsa ya ce na wani ne daban. Ita kuwa ƙaramar hukumar da ke da filin, tsuke bakin aljihu ya sha mata kai: in babu babban suna a bayan zanen, rufe filin za ta yi.

Tsohuwar ta ce, "Babana ne, leburan filin. Kabeji ya shuka a ɓoye. Da aka miƙa masa igiyar awo don ya shata wurin, sai ya kewaye 'yar gonarsa. Rubuta gaskiya, amma ban da sunansa. Har ya mutu yana tsoron asirinsa ya tonu."

Wannan ai mai sauƙi ne a wurin ɗalibar. Shekararta takwas da aure, ko sunan maigidanta ba ta taɓa kama ba.

Ta rubuta. Farfesa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta. Aka rufe filin.

Sai dai maƙwabta sun ji labarin, sun nemi a bar musu rami na bakwai su yi lambu. Bana kabejin ya yi kyau, kuma a fili yake.