Masu Sharar Mota

Da hantsi kwarkwasa ta hau tayoyin motar, baƙi ƙirin, ta nufi ciki. Shekara biyu ke nan motar ce gidansu kaf, yanzu tana fake a bakin dajin Petén. Matar gidan ta sunkuci jaririnta, ta rarumo maganin feshi.

"Ajiye, 'yar birni!" in ji tsohuwar da ke kawo musu masara. "Shara suka zo yi miki. Buɗe musu ƙofa ki fito."

"Iya, gadon yarona fa?"

"Har shi."

Awa biyu tana tsaye a rana, tana leƙe ta taga. Can ta hango su suna jawo wani abu daga ƙarƙashin katifar jaririn. Kunama ce, wutsiyarta tana ta harbin iska.